Yadda Ake Zaɓen Kafireta Ta Hannu Don Injin Kwalekwale

Idan hukuma ta rufe su a tafkin Lagdo da damina don kifi ya samu ya hayayyafa, lokacin ne masu jirage ke sauke injuna su kawo mana Garwa a yi musu babban gyara. Lokacin ne kuma nake ganin kuskure iri ɗaya yana maimaita kansa a hannun yaran da suka fara koyon aikin. Za a sa fistan sabo, ringi sabo, boris sabo, a kashe kuɗin da mai jirgi ya daɗe yana tarawa, sannan a je kasuwa a ɗauko kafiretar da ta fi ƙyalli a kan tebur a ɗaura. Ba a rufa wata guda ba sai a dawo da injin fistan ya kama.

Ga dalili. Yawancin injunan da ke aiki a Binuwai da Lagdo da Maga da Logon, wato Yamaha Enduro da Suzuki DT da makamantansu, irin waɗanda ake haɗa musu baƙin mai a cikin fetur ne. Ba su da wani ma'ajin baƙin mai a ƙasa kamar injin mota. Duk ɗigon man da zai taɓa boris da karanshaf da bangon silinda, ta cikin kafireta zai bi. Saboda haka idan kafireta ta rage wa inji fetur, ta rage masa baƙin mai ke nan, kuma ta ƙara masa zafi a lokaci guda. Wadda take ba da mai fiye da kima za ta cinye maka kuɗi, ta baƙanta fulogi, ta yi hayaƙi, amma inji zai rayu. Wadda take yi masa ƙwauro ita ce mai kisa, kuma abin takaicin shi ne da farko inji yakan yi ƙara mai daɗi da ita, har mai jirgi ya yaba.

Abin da za ka riƙe kafin ka fita

Ka tafi da tsohuwar kafiretarka a hannu, ko da ta mutu murus, domin ita ce ma'auninka. Ka ɗauki hoton farantin lambar injin a waya. Sai sukudireba mai faɗin baki guda biyu, babba da ƙarama, waɗanda bakinsu bai cinye ba, da mai kuros wadda ta zauna daram a kan sukurorin Japan. Sifana 8 da 10. Ƙaramar tocila. Guntun gilashi mai shafe, ko madubin babur da ya fashe. Guntun tiyo mai tsabta wanda zai shiga bakin shigar mai. Farin ƙyalle da ƙaramin kwano na zuba ƙananan kaya, domin allurar kafireta idan ta faɗi cikin yashin kasuwa ta tafi ke nan. Kada ka je da yamma. Aikin nan na hasken rana ne.

1. Ka fara tabbatar da cewa kafiretar ce ke da laifi

Da yawa daga cikin kafiretocin da ake zubarwa ba su yi komai ba. Inji yana mutuwa idan an ba shi wuta, sai a ce kafireta ce, alhali robar famfon mai ce ta yage, ko tiyo yana shan iska a mahaɗa, ko ramin numfashin murfin tanki ya toshe. Akwai kuma sil na karanshaf, na sama da na ƙasa. Idan sun tsufa sukan bari iska ta shiga ta bayan fage, sai inji ya nuna duk alamun ƙarancin mai, kuma ko ka sa kafireta sabuwa dal ba abin da zai canza. Tunda gyara kake yi gaba ɗaya, ka canza su. Ka duba faifan rid da ke bayan kafireta, ka ɗaga shi ga haske ka ga ko harsunansa suna kwanciya sosai.

Sannan ka tambayi kanka ko tsohuwar za ta gyaru. Gasket, allura, fulot, robobi, duk ana sayar da su a ƙulli ɗaya. Abin da ba ya gyaruwa shi ne gangar jikin: idan ta tsage, ko ta ɓangare, ko ramin sandar totur ya buɗe, ko zarenta ya lashe. Da wannan ido za ka duba wadda za ka saya. Kayan da ake canzawa kada su tsorata ka, jikin kawai za ka tsananta wa bincike.

2. Lamba kafin kama

A jikin maƙalin da ake ɗaure inji da shi a bayan jirgi akwai faranti mai ɗauke da sunan samfurin. A tsarin Yamaha, lambar yawancin kaya tana farawa da haruffa uku da ke nuna dangin injin, sannan 14301 ke nuna kafireta. Ta E40X tana farawa da 66T, ta E15D kuma da 6B4. Yawanci za ka ga waɗannan haruffa an buga su a jikin kafiretar kanta, a gefe ko kusa da inda take haɗuwa da inji. Ka goge wurin da ƙyalle ka karanta.

Kada a ce maka doki 40 ai doki 40 ne. E40X mai cc 703 daban yake da tsofaffin E40G da E40J masu cc 669, kuma kafiretocinsu ba ɗaya ba ne. Haka nan doki 9.9 da doki 15 na Enduro gangar inji ɗaya suke amfani da ita, cc 246, har kafiretocinsu kan zauna a gurbin juna, amma abin da ke cikinsu ya bambanta. Ka ɗaura ta 9.9 a kan 15, jirgi ya yi nauyin jiki da kaya, kai kuma ka yi ta neman laifi a farfela. Akwai kuma injunan kananzir masu suna da EK, waɗanda ke tashi da fetur sannan su koma kananzir. Kafiretarsu tana da hanyoyin mai biyu, ba ta injin fetur ba ce. Idan injinka mai silinda uku ne kamar E60 ko E75, kafireta uku gare shi, kuma ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa kowace da gurbinta. Gara ka saye su jere ɗaya daga inji ɗaya da ka tsinto su ɗaiɗai.

Game da ɗaura ta babur ko ta janareta kuwa, da ƙera mata mazauni wurin masu walda, kada ma ka fara. An auna ta ne da wani inji dabam mai shan iska dabam, kuma idan ta cika ta yi ambaliya a ƙarƙashin murfin injin ruwa, fetur ɗin kusa da wayoyin wuta zai taru.

3. Ka tambayi inda ta fito

Kayan hannu suna zuwa mana ta hanyoyi biyu. Wasu daga injunan yankin nan ne da suka mutu, na Lagdo, na Yola, na Kuseri da Bulanguwa. Wasu kuma daga bakin teku ake hauro da su, Duwala, Limbe, Legas, ko a cikin kwantenar tsofaffin injuna daga ƙetare. Wadda ta yi aiki a ruwan gishiri tana da alama: farin gari kamar toka a kusurwoyi, sukurori sun yi tsatsa sun manne, sifirin ya ci. Gishiri yana shiga ƙananan hanyoyin da ido ba ya kaiwa. Idan ka samu biyu masu lamba ɗaya, ɗauki ta ruwan daɗi ko da ta fi muni a fuska.

Akwai kuma batun asali da kwafi. Ta asali za ka ga tambarin maƙeranta na Japan a jiki, irin su Keihin, Mikuni ko Teikei, zubin ƙarfenta sumul, rubutunta a fili, jet ɗinta da lamba. Kamfanonin Sin irin su Parsun da Hidea suna yin injuna a kan tsarin Yamaha, kuma kayansu da dama kan shiga gurbi. Waɗannan da sauƙi, domin an san mai su. Abin da nake gudu shi ne marar suna marar lamba, wadda ramin jet ɗinta ba wanda ya san girmansa. A ganina tsohuwar asali mai lafiyayyen jiki, da sabon ƙullin gyara, ta fi sabuwar da ba a san uwarta ba.

4. Duba jiki daga waje

Ka fara da fuskar da ke manne wa inji. Ka kankare ragowar gasket a hankali, ka kifa ta a kan gilashin nan, ka haska tocila ta baya. Idan haske yana ratsowa ta tsakiya, ko tana rawa idan ka danna kunne ɗaya, wani ya taɓa ɗaure ta da ƙarfin tsiya har ta lanƙwashe. Ɗan kaɗan ana gyara shi da samfefa mai laushi a shimfiɗe a kan gilashi. Mai yawa kuwa ƙofar iska ce, ka ajiye ta.

Sai sandar totur, wadda faifan da ke buɗe wa iska hanya yake jikinta. Ka kama ƙarshenta da yatsu biyu ka girgiza sama da ƙasa. Ya kamata ta juya salin-alin ba tare da ta yi lilo ba. Idan ka ji tana ƙwanƙwasa a raminta, iska za ta riƙa shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ba, yau ya hau gobe ya sauka. Injunan ruwa ba su da matatar iska ta kirki, murfi ne kawai da akwatin rage ƙara, don haka ƙurar hunturu da ke sauka a kan tafki tana shiga kai tsaye tana cin wannan wuri shekara da shekaru. Ka rufe faifan ka ɗaga ga rana: siririn haske daidai wa daida a kewaye ba laifi, amma gefe ɗaya a buɗe gefe ɗaya a rufe alama ce an taɓa kwance shi an mayar a karkace. Ka gwada cok ma, ya rufe ruf ya kuma koma da kansa.

Duk inda ka ga an shafa Araldite ko wani gam, ka kankara da farce ka ga abin da aka rufe. Fenti sabo a kan kafireta ta hannu ma abin tuhuma ne. A wasu ƙananan injuna na doki 15 famfon mai a jikin kafiretar yake, to ka buɗe shi ka duba fuskarsa ita ma.

5. Buɗe kofin ƙasa

Nan ne gaskiyar take. Mai kaya da ya hana ka buɗe kofi ya riga ya ba ka amsa. Ka ce masa, «Alhaji, a yi haƙuri in leƙa ciki, in ta yi ba za mu yi jayayya a kan kuɗi ba.» Mai gaskiya zai miƙo maka sukudireba da kansa.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka kwance sukurori, ka ɗaga kofin a hankali. Abu uku za ka iya tararwa. Ɗanko mai ruwan ƙasa-ƙasa mai warin tsohon fenti, wannan fetur ne da baƙin mai suka bushe a ciki, kuma yana wankuwa. Jan gari mai laushi, wannan tsatsar tanki ko ta duro ce, ita ma tana fita, sai dai ta nuna maka ƙananan hanyoyi na iya toshewa. Na uku shi ne fari ko toka-toka mai kumburi a gindin kofi, idan ka kankare sai ka ga ƙananan ramuka a ƙarƙashi. Wannan ruwa ne ya kwana a ciki. Mu nan mun san shi sarai, saboda man zuwa-zuwa da ake haurowa da shi daga Najeriya a jarkoki da durorin da suka sha rana da raɓa, sau da yawa da ruwa a gindinsa. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya sauka ya zauna daidai inda babban jet yake sha. Idan ramukan a kofi kawai suke, ana canza kofi. Idan sun hau hasumiyar tsakiya da jet ke ɗaurewa a ciki, ka mayar wa mai kaya abinsa.

Zare fil ɗin fulot, ka lura da ƙafafun nan biyu da ke riƙe da shi, domin masu buga fil da ƙusa sukan fasa ɗaya, kuma ba ta gyaruwa. Ka kaɗa fulot kusa da kunne. In ka ji motsin ruwa a ciki, ya huje. Allurar kuma ka kalli bakinta a rana: idan zobe ya fito a kewayen tsinin, ta gama aiki. Waɗannan biyun ba sa hana ciniki, rage kuɗi kawai suke sa a yi. Mazaunin allurar shi ne abin dubawa, musamman inda aka dasa shi a jiki ba a kwance shi.

Ga gwajin da ba ya ƙarya. Ka mayar da allura da fulot, ka sa tiyonka mai tsabta a bakin shigar mai, ka kifa kafiretar ƙasa ta koma sama yadda nauyin fulot zai danne allura, ka hura. Kada iska ta wuce ko kaɗan. Ka juyo ta daidai ka sake hurawa, yanzu ta wuce ba tare da wahala ba. Hurawa kawai, kada ka tsotsa, kuma kada ka sa bakinka a jikin ƙarfen.

6. Jet da sukurun silo

Ka kwance babban jet da na silo da sukudirebar da ta cika bakinsu, domin tagulla ce, mai taushi, da ta zame sau ɗaya ta lalace. Kowanne da lamba a jikinsa, ka gwada da na tsohuwar kafiretarka ko da abin da littafin injin ya ce. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. Akwai masu gyara da idan jet ya toshe sai su zura masa allurar ɗinki ko wayar birkin keke su yi ta murzawa. Lambar tana nan yadda take, ramin kuwa ya zama wani abu dabam. Ka ɗaga shi ga rana ka leƙa. Ramin lafiyayye zagayayye ne tsaf, bakinsa a kaifafe. Wanda aka taɓa za ka gan shi kamar ƙwai, da ƙarce-ƙarce a baki. Na taɓa kwance wani da aka toshe da dalma aka sake huda shi da ƙusa, wai don a rage shan mai, injin kuwa fistansa na sama ya narke a ka har ya huje.

Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 zuwa-zuwa ya yi tsada, wannan dabara ta rage jet ta ƙaru a wajen masu jirage. Ina roƙon duk mai koyon aikin nan kada ya yarda a sa shi yin ta. Litar da za a yi tsiminta ba ta kai kuɗin fistan da silinda ba, balle ran mutanen da inji zai mutu da su a tsakiyar ruwa.

Sukurun silo kuma, kafin ka fitar da shi, ka murza shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Da ya taɓa ka tsaya. Sannan ka fito da shi ka duba tsininsa. Idan ya lanƙwashe ko ya yi gaɓa, wani ya taɓa ɗaure shi da ƙarfi, kuma mai yiwuwa ya buɗa mazauninsa da ke cikin jiki. Sukuru ana sayen wani, mazauni kuwa babu. Idan tsinin ya karye ya maƙale a ciki, ciniki ya ƙare.

7. Ciniki

Ka lissafa kuɗin ƙullin gyara da na jet ɗin da za ka canza, ka ɗora a kan farashin, sannan ka gwada da kuɗin sabuwa ta asali. Ka yi sharaɗi a gaban shaida cewa in ba ta yi ba a ruwa za ka dawo da ita, ka kuma yi mata wata 'yar alama a ɓoye.

8. Wanki da haɗawa

Ka cire duk wata roba kafin ka jiƙa jikin a man wanke kafireta, domin yana kumbura roba. Kowace hanya ka fesa mata ka ga ya fito ta ɗaya bakin, musamman ƙananan ramukan nan da ke bangon maƙogwaro kusa da bakin faifan totur. Su ne ke ciyar da inji a daidai lokacin da yake tashi daga silo zuwa gudu, kuma su ne ake mantawa. Ka bi su da iskar kwamfireso ko famfon keke, ka kare idonka. In dole sai ka zura wani abu, silin burushin roba ya isa. A yi wannan aiki a fili, nesa da mai shan taba da mai shayi da murhunsa.

Tsayin fulot kowane inji da nasa ma'auni a littafinsa, ka auna da rula, kada ka ƙiyasta da ido. In ya yi ƙasa da mai, inji zai ji yunwa a babban gudu. In ya yi sama, zai yi ambaliya. Gasket sabo, a bushe, ba gam. Gam ɗin da ya matso ciki fetur zai narkar da shi ya kai shi cikin jet. Notoci biyun da ke riƙe ta a jikin inji a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan. Ka mayar da sukurun silo yadda littafi ya ce, ka haɗa sandunan totur da cok, ka tabbata idan an murza hannu har ƙarshe faifan yana buɗewa gaba ɗaya, idan an saki yana rufewa.

9. Gwaji a ruwa

Kada ka tayar da injin ruwa a busasshe ko na ɗan lokaci, robar famfon ruwansa za ta ƙone. A duro cike da ruwa za ka fara. Ka matsa fam ɗin tiyo har ya yi tauri, ka duba ko mai na ɗiga ta maƙogwaro ko ta gefen kofi. In ya tashi, ka ga ruwan shaida yana fita ta baya, ka bar shi ya yi ɗumi kafin ka taɓa silo. Idan yana atishawa yana neman mutuwa, mai ya yi masa kaɗan. Idan yana gurnani da hayaƙi mai kauri, ya yi yawa. Ka gyara da kwata-kwatan zagaye, kana jira tsakanin kowanne, kuma in za ka karkata, karkata wajen yawan mai.

Duro ba ya nuna komai game da babban jet, sai an sa jirgi a ruwa da kaya. Amma injin da aka yi wa sabon fistan yana buƙatar sa'o'i 10 na farko a bi shi a hankali, da haɗin mai 25 bisa 1, wato lita ɗaya ta baƙin mai a lita 25 ta fetur. Bayan nan a koma 50 bisa 1, rabin lita a lita 25, da man injin ruwa mai alamar TC-W3, ba baƙin man mota ba. Sai ya wuce wannan zango za ka buɗe masa wuta sosai. An ƙera injunan Enduro su yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti a cikakken gudu. Ka riƙe shi a haka na ɗan lokaci, ka kashe nan take, ka kwance fulogai. Ruwan ƙasa kamar gasasshiyar gyaɗa shi ake so. Baƙi mai jiƙe, mai ya yi yawa. Fari fat ko mai ɗigon ƙarfe a jiki, kada ka sake tayar da shi sai ka gano dalili. Wata alama kuma: in kana cikin gudu ka ɗan ja cok kaɗan sai inji ya ƙara ƙarfi, to yunwa yake ji.

Gwajin farko a yi shi kusa da gaɓa, a nufi sama da ruwa yadda in ya mutu igiyar ruwa za ta dawo da kai gida, da filafili biyu a jirgi da igiyar kashe inji a ɗaure a hannu. A guji wuraren da dorina ke kwanciya, a Garwa ma akwai su ba nisa da gada. A kuma saurari sanarwar buɗe ƙofofin madatsar Lagdo. Tun da aka kammala ta a 1982 ita ke juya ruwan Binuwai, tana kimanin kilomita 50 sama da gari, kuma in an saki ruwa wajen Agusta da Satumba ƙarfinsa ba na gwada sabon gyara ba ne.

Idan ta ci gwaji, ka gaya wa mai jirgi abin da zai riƙa yi. Ya bar jarkar mai ta zauna kafin ya juye, ya tace ta mazurari da ƙyalle mai tsabta, ya bar ɗan na gindi kada ya zuba. Ya riƙa duba kofin matatar mai da ke jikin inji ya zubar da ruwan da ya taru. In zai ajiye inji fiye da mako biyu, kamar lokacin rufe su, ya kwance sukurun da ke gindin kofin kafireta ya tsiyaye man a cikin gwangwani, ya mayar ya ɗaure, sannan ya jingine injin a tsaye a inuwa da murfinsa a rufe.